Ja da kore: sauyin man Citroën na 1966 da abin da ya jawo wa tsofaffin motoci

A watan Satumba na 1966, motocin Citroën samfurin DS da suka fito daga masana'anta a Faransa ba su da wani bambanci a ido da waɗanda suka fito kafin su. Fuska ɗaya, fitilu ɗaya, kujeru ɗaya. Sai an ɗaga bonet ake ganin abin da ya canza: tankin mai da wasu ƙwallayen ƙarfe da aka saba gani baƙaƙe sun koma kore shar, man da ke cikin tankin ma kore ne, alhali a da ja ne. Daga wannan wata, duk bakaniken da ke taɓa DS dole ya ajiye gwangwani biyu a garejinsa. In hannunsa ya kuskure ya zuba jan mai a motar kore, ko koren mai a motar ja, ba a daɗewa robobin motar za su lalace tun daga gaba har baya, mai ya riƙa zuba, sitiyari ya yi nauyi, birki ya tafi, motar ta durƙushe a ƙasa.

Mai tsohuwar Peugeot 504 ko Mercedes ta shekarun 1980 zai ce ina ruwansa da DS. Ruwansa kuwa tsundum, domin dokar da ta kama DS ita ce ke kama tasa motar: robar da ke cikin birki ita ke zaɓar man da za a zuba. A tarihin mota babu inda wannan ya fito fili kamar a wannan lamari.

Motar da komai nata ya rataya a kan mai ɗaya

An baje kolin DS a kasuwar nunin motoci ta Paris a watan Oktoba na 1955, kuma a ranar farko kaɗai mutane suka yi odar guda 12,000. Flaminio Bertoni ne ya zana jikinta, André Lefèbvre ya jagoranci aikin injiniya, Paul Magès kuma shi ya ƙirƙiro tsarin da ake magana a kai. Motar ba ta da sifirin. A kowace taya akwai ƙwallon ƙarfe da aka raba cikinsa biyu da fallen roba, sama iskar naitirojin, ƙasa mai. Inji yana juya wani famfo da ke matse man har matsinsa ya haura ninki 150 na matsin iskar da ke kewaye da mu, sannan a rarraba shi ta siraran bututu. Man nan shi ke ɗaga motar ya sauke ta, shi ke sauƙaƙa sitiyari, shi ke sarrafa kuloci da giya, shi ne kuma man birki. Birkin ma ba irin wanda muka sani ba ne. Wani ɗan maɓalli ne a ƙasan ƙafar direba, da an ɗan danna shi sai ya buɗe wa man da ke matse hanya zuwa tayoyi.

Tsarin ya yi suna. Ranar 22 ga Agusta 1962, 'yan bindiga suka buɗe wa motar Shugaban Faransa Charles de Gaulle wuta a Petit-Clamart, kusa da Paris. DS ce, harsashi ya fasa mata taya, amma direba ya iya riƙe ta ya fice da gudu. De Gaulle bai manta wa motar wannan alheri ba.

Sai dai kuma tun farko akwai ciwon da ke cin motar ta ciki, kuma daga man yake.

Man farko tushensa man zurma ne. Daga baya aka koma wani haɗin masana'anta da ake kira LHS, ja ne, ɗan uwan man birkin da ake sayarwa a kowane shagon kayan mota. Halin wannan dangi na mai shi ne jan laima daga iska, kamar gishirin da aka bari a buɗe da damina. A motar gama-gari wannan hali ba ya saurin yin ɓarna, domin tankin man birki ƙarami ne kuma man da ke cikinsa ba ya hawa da sauka sosai. A DS kuwa tankin babba ne, kuma yana numfashi. Da an tada inji motar ta miƙe, mai zai bar tanki ya cika ƙwallaye, iskar waje ta shigo ta maye gurbinsa. In aka kashe inji motar ta sauka sannu a hankali, mai ya dawo, iska ta fita, amma ta riga ta bar laimarta da ƙurarta a ciki. Haka kullum, safe da yamma. Ruwan yana taruwa a cikin man, yana zagayawa cikin famfo da bawul-bawul ɗin da aka sassaƙa daidai wa daida, tsatsa na cin su. Motar da aka ajiye ba a hawa ta fi shan wahala, don ruwan yana samun lokacin yin aikinsa a wuri ɗaya.

Shawarar da kamfanin ya yanke

Citroën ya bar wancan dangi gaba ɗaya ya koma man da aka tace daga ɗanyen man fetur, ya kira shi LHM. Wannan ba ya jan laima, yana da santsin da famfo ke so, yana kare ƙarfe daga tsatsa, kuma in ya zuba a jikin mota ba ya cin fenti. Ta fuskar injiniya shawara ce mai kyau, shekarun da suka biyo baya ma sun tabbatar da haka, domin da LHM aka ci gaba a motocin Citroën na baya irin su GS da CX da BX da XM da Xantia.

Kuɗin da aka biya shi ne roba. Babu robar da ke jure kowane mai. Robar da ke zaune lafiya cikin jan mai da sauran danginsa na man birkin gama-gari da ake kira gilaikol, wato roba ta asali da ire-irenta a da, da wadda ake kira EPDM a yau, da ta haɗu da man da ya fito daga fetur sai ta sha shi, ta kumbura, ta yi laushi. Robar naitiril da aka yi don jure man fetur kuma ba ta shiri da gilaikol. Saboda haka sai da kamfanin ya canza kowane zoben roba, kowane tiyo, da fallen robar da ke cikin kowane ƙwallo. Ƙarafan kusan yadda suke, robobin ne suka zama dabam, kuma zoben roba baƙi ne ko na wane mai ne. Abin da ya sa aka rina sabon man kore, aka shafa wa kayansa koren fenti, aka bar na tsohon tsari da baƙi ke nan.

Ko sauyin ma bai zo lokaci ɗaya a ko'ina ba. Dokokin Amurka da Kanada ba su yarda da irin wannan mai a birki ba a lokacin, don haka motocin da ake kai wa can suka ci gaba da jan mai har Janairun 1969. Ke nan DS biyu 'yan shekarar 1968 na iya tsayawa gefe da gefe, ɗaya na shan kore, ɗaya na shan ja.

A ganina dabarar launin ta yi amfani a shekarun farko, lokacin da motocin ke hannun garejin kamfani. Amma mota ta fi fenti daɗewa. An daina ƙera DS a 1975, bayan an yi fiye da miliyan 1.4, kuma daga nan ta shiga hannu na biyu da na uku. Fenti ya koɗe. An ciro ƙwallo daga wata mota an ɗaura wa wata. Wasu masu motocin tsohon tsari sun kwance komai sun canza robobi sun koma LHM, wanda hakan daidai ne in an yi shi cikakke, amma sai ya zama shekarar motar ma ba ta isa shaida ba. Ga kuma tarkon launin kansa: man giyar otomatik, wanda ake zuba wa sitiyarin motoci da yawa, shi ma ja ne, amma daga fetur ya fito, wato guba ne ga motar jan mai. Akwai kuma man sitiyarin wasu motocin Jamus da yake kore alhali ba LHM ba ne.

Abin bai tsaya a DS ba. Ƙaramar Citroën 2CV, wadda birkinta irin na kowa ne, ta yi shekaru tana shan man birki na gama-gari, amma da aka sa mata birkin faifai a gaba a farkon shekarun 1980 sai ta koma LHM. Suna ɗaya, siffa ɗaya, mai biyu. Rolls-Royce, wanda ya karɓi lasisin tsarin Citroën, ya yi Silver Shadow da wani man gilaikol na musamman mai suna RR363, sannan Silver Spirit ta 1980 ta zo da man ma'adini, wato wanda aka tace daga fetur kamar LHM. Shi kansa Citroën, da ya fitar da C5 a 2001, ya raba gardama: ya ware birki daga sauran tsarin ya mayar da shi kan man birki na gama-gari mai lamba DOT 4, ya ba wa ɗaga mota wani mai dabam ruwan lemo mai suna LDS.

Wani abu da ke nuna zurfin ramin shi ne, littattafan motocin LHM sun yarda in mai ya ƙare a daji a zuba baƙin mai mara kauri a lallaɓa zuwa gari, sannan a zubar a wanke. Wannan agaji, in aka yi wa 504 shi, an kashe birkinta.

Yadda abin ke kasancewa a motar gama-gari

Peugeot 504 da kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya yi ta haɗawa a Kaduna tun daga 1975, da Mercedes, da Toyota, da Datsun, da Volkswagen na wancan zamani, duk 'yan dangin gilaikol ne. Birkinsu yana farawa daga masta, wato babban famfon birki da ke ƙarƙashin tankin mai: ka taka, roba ta tura mai, mai ya tura fistin a tayoyi. A cikin masta akwai wata 'yar ƙofa ƙarama ƙwarai da mai ke bi ya koma tanki idan ka ɗaga ƙafa. In man sitiyari ko baƙin mai ya shiga, robar masta ta kumbura, abu na farko da take yi shi ne toshe wannan ƙofa. Sai birki ya riƙa riƙewa, tayoyi su yi zafi, mota ta ƙi gudu, direba ya ɗauka inji ne ya gaji. Daga baya robar ta ruɓe ta saki, a taka birki ya tafi har ƙasa. Ba a buƙatar mai yawa. Ɗan abin da ya rage a mazurarin da aka zuba baƙin mai da shi ya isa ya fara ɓarna. Alamar da ake fara gani ita ce robar murfin tanki: in ta kumbura har ta ƙi komawa mazauninta, to sauran robobin da ba a gani ma haka suke.

A cikin dangin gilaikol kansa kuwa babu wannan gaba. Lambobin DOT ƙa'ida ce ta ma'aikatar sufurin Amurka, kuma babban abin da suke aunawa shi ne zafin da mai zai jure kafin ya tafasa. DOT 3 sabo dole ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyus, DOT 4 ya kai 230, DOT 5.1 ya kai 260. Ana kuma sake gwada su bayan sun sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, inda ake buƙatar 140 ga DOT 3, 155 ga DOT 4, 180 ga DOT 5.1. Dukkansu ukun suna gauraya da juna. Motar da aka rubuta wa DOT 3 za ta karɓi DOT 4 ba matsala. Wadda aka rubuta wa DOT 4 in aka ƙara mata DOT 3 robobinta ba za su lalace ba, sai dai an rage wa man juriyar zafi.

A duba tazarar da ke tsakanin 205 da 140. Ruwa kaɗan ne ya cinye digiri 65. Nan ne haɗarin tsohuwar mota yake, domin man da ke cikinta na iya shekara biyar ko fiye ba a taɓa zubar da shi ba, ƙari kawai ake yi. Laima tana shiga ta murfi, tana kuma ratsa tiyon roba kanta. A cikin gari ba za a ji komai ba. Sai ranar da motar ta ɗauki kaya ta gangaro doguwar gangara irin Hawan Kibo a hanyar Jos, ƙafa na kan birki tun daga sama, zafi ya ratsa zuwa man, ya tafasa, ya zama tururi. Mai ba ya matsuwa, amma tururi yana matsuwa, don haka birki ya shanye. Abin takaicin shi ne in motar ta tsira ta huce, birki yakan dawo garau, bakanike ya duba ya ce bai ga komai ba. Shi ya sa yawancin kamfanonin mota ke cewa a zubar da man birki a sabunta shi duk shekara biyu, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Su kuma masu cika tankin birki da ruwan omo a bakin hanya, abin yana yi musu kamar ya yi aiki ne saboda ruwa yana gauraya da gilaikol kuma yana tura fistin yana sanyi. A digiri 100 zai tafasa, kafin nan kuma yana cin bututun ƙarfe.

Jan laimar nan, duk da aibinsa, yana da ranarsa. Tunda man yana shanye ruwan ya baza shi ko'ina, ruwan ba ya taruwa wuri ɗaya. Wannan ne zai kai mu ga gora ta huɗu, wadda lambarta ke yaudarar mutane.

DOT 5 ba ƙanin DOT 4 ba ne, ba kuma yayan DOT 5.1 ba. Man silikon ne, dangi na uku, kuma ƙa'ida ta ce a rina shi shuɗi mai ja-ja don a gane shi. Ba ya jan laima, ba ya cin fenti, yana jure digiri 260. Sojojin Amurka suna amfani da shi, haka ma masu tara tsofaffin motoci na ado da ke shafe watanni a rufe. Amma ba ya gauraya da gilaikol. In aka zuba shi a kan tsohon mai, kowa zai kama gefensa, ragowar tsohon man ya maƙale a lungunan tayoyi da ruwansa yana yin tsatsa. Duk ruwan da ya shiga daga baya ma ba ya narkewa, gangarawa yake zuwa wuri mafi ƙasa, wanda kuma shi ne wuri mafi zafi. Silikon yana riƙe ƙananan kumfan iska, fitar da su sai an yi haƙuri, birkin yakan ɗan yi laushi a ƙafa, kuma ba a sa shi a mota mai ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki, saboda famfonta na kaɗa shi ya yi kumfa. Wanda ke son komawa DOT 5 sai ya yi abin da masu mayar da DS kan LHM ke yi, ya kwance komai, ya wanke ƙarafa, ya sa sababbin robobi da tiyo. Ga motar da ke fita neman abinci kullum, ban ga ribar wannan wahala ba. DOT 4 sabo daga gorar da ba a buɗe ba ya wadatar.

Gane abin da ke cikin tankin motar da aka saya hannu na biyu ba shi da wuya. A fara da karanta murfi da littafin mota in akwai, sannan a zuƙo ɗan man da sirinji a ɗiga cikin kofin gilashi mai ruwa. Gilaikol zai narke ya ɓace cikin ruwan. Man ma'adini da silikon za su taso sama su yi ɗigo-ɗigo. In wani ɓangare ya narke wani ya taso, an riga an yi haɗi. Launi a nan ba abin dogaro ba ne, domin tsohon mai kowane iri yana komawa ruwan ƙasa ko baƙi.

In an yi kuskuren zuba man da ba shi ba kuma ba a taka birki ba tukuna, da sauƙi: a zuƙe tankin tas, a cire shi a wanke, a duba masta, a zuba sabo a yi bilidin, wato fitar da iska da tsohon mai, a duk tayoyi. In kuwa an riga an hau motar, wanke bututu kaɗai ba ya magani, don robar da ta sha mai ta kumbura ba ta komawa yadda take. Sai an canza robobin masta, na tayoyi huɗu, da duk tiyon roba, har da bawul ɗin da ke daidaita birkin baya in motar na da shi. Mai mota yakan so a canza wanda ya fara yoyo kawai a bar saura. Saura ɗin suna tafe, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma hanyar da gubar ke shiga ba ta gora ba. A littattafan gyaran Citroën an raba har abin wanki: kayan jan mai da sifirit ake wanke su, kayan koren mai da fetur. A garejinmu kuwa kwano ɗaya ne na fetur ko kalanzir, a ciki ake wanke kabireta, a ciki ake wanke masta, wani lokacin har da sababbin robobin da za a sa, sannan a shafa musu giris don su shige da sauƙi. Fetur da kalanzir da giris na gama-gari duk 'yan gidan man ma'adini ne. Kayan birkin 504 da ire-irenta da sifirit ko da man birkin kansa ake wanke su, a kwanon da ba ya taɓa komai sai su, robar kuma da man birki ake jiƙa ta kafin a sa.